Gyararren Gero

SHAFI NA 19

Masu cika min waya tun asuba, wai na bar Hajjo a bakin murhu na tafi yawona, ku sassauta min haka nan, ga ta na dawo muku da ita. Wanda bai karya ba ya je ya karya tukuna, don ban ɗauki alhakin cikin kowa ba.

* * *

Akuyar Tani ce ta fara faɗuwa.

Da farko ba wanda ya kula, don kowa a Lambun Taro yana da abin da ya sha masa kai a safiyar nan. Maza na kafa rumfa suna shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, makaɗa na gwada kalangu, mata kuwa suna kusurwar gabas inda aka jera murahu, suna ta cura fura. Shekara goma ke nan da mutanen Bodinga suka haɗa hannu suka haƙa rijiyoyin lambun, a shekarar babban farin da ya ƙarar da shanu. A lokacin fili ne a bayan gari. Yanzu gari ya girma ya kewaye shi da gidaje, amma fangalan albasa da tattasai na nan, kowane gida da nasa. Shi ya sa aka ce ko gwamnati na ta wa'azin tsuke bakin aljihu, ko sabulu da madara sun zama sai an bi layi, bikin cika shekara goman nan kam sai an yi shi.

Hajjo, uwar matan lambu, tana durƙushe gaban masaki tana barbaɗa wa fura gari, sai ta ji muryar ƙawarta Tani a kanta.

"Hajjo, zaka ki gani."

"In ga mi? Hannuna da gari."

"Ke dai taso."

Yadda Tani ta faɗi maganar ƙasa-ƙasa shi ya sa Hajjo ta miƙe. Tani ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa za ta yi sai an ji ta a tasha.

A bayan shingen kara suka ishe akuyar kwance, ƙafafunta na harbin iska, kumfa na zuba daga bakinta. Ɗanta yana gefe, shi ya riga ya miƙe. Can gaba kaɗan ga kaji sun baje a ƙasa kamar an shanya tsummoki.

"Maciji na?" in ji Hajjo.

"Macijin da ka saran kaji da awaki lokaci guda?"

"To mi sunka ci?"

Tani ta nuna tsohon kwano da haɓarta.

"Dussar hatsin da munka surhe. Sai ƙasarin da munka wanke shi. Ni da hannuna niz zuba musu da sahe."

Hajjo ta tsaya tana kallon kwanon. Ƙudaje ma sun mutu a bakinsa. 

Ƙarar babur ce ta katse su. Malam Maniru ne, malamin gona, yau ya ajiye kakinsa ya sha babbar riga saboda biki. Ya kafe babur yana murmushi yana shirin jero gaisuwa, sai idonsa ya sauka a kan akuyar. Murmushin ya gudu. Ya tattare riga ya tsuguna, ya ɗaga kwanon ya sansana, ya ajiye da sauri.

"Inna, dussar ga daga ina?"

"Ta hatsin biki ta."

"Wane hatsi?"

"Na ɗakin ajiya. Buhun da ag ga lungu."

"Wanda nik kawo watan jiya?"

"Shi hwa."

Malam Maniru ya zauna daɓas a ƙasa, da babbar rigarsa da komai.

"Inna, wa yac ce ku taɓa buhun nan?"

"Shugaba Mainasara."

"Kun ba wani ya sha?"

"Ba a dama ba tukun. Muna jiran Hakimi."

"Ba wanda yal lasa? Ko yaro?"

Tani ta ce, "Hajjo ta kasa ta tsare tun asuba, ko ni ba ta bari nit taɓa ba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya shafa fuska da tafin hannu biyu.

"Alhamdu lillahi. A kira min Shugaba."

Shi ya samu sauƙi. Hajjo kuwa nata tashin hankalin a lokacin ya fara, don akwai abin da ta sani wanda ba wanda ya sani a wurin.

Mainasara ya iso yana baza hannun riga, hula ta sha kari, ƙamshin turare na bin sa. Mutum ne mai son lambun nan tsakani da Allah, shi ya fara sa diga a rijiyar farko, amma kuma Allah ya zuba masa son a ce ya iya. Tun watan jiya yake haddace jawabin da zai yi a gaban Hakimi, har matansa sun iya shi.

"Mi ya hwaru kuma? Baƙi na bisa hanya, kun taru kan akuya?"

Malam Maniru ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, buhun da nik kawo, mi nic ce maka?"

"Ka ce gyararre na."

"Na ce gyararre na, a aje shi dabam."

"To ai dabam munka aje shi. Da biki ya matso hatsi ya yi tsada kasuwa, nic ce ga mai kyau nan an riga an gyara, mata su huta da tsintar tsakuwa. In an sai da albasa mu mayar kahin ruwa shi sauka. Ina laihi?"

"Iri na, ranka shi daɗe. Na shuka. An cuɗe shi da magani don kada ƙwari da tsuntsaye su tone shi cikin ƙasa. Shi muka ce ma gyararre wurin aiki. Guba ta."



Jama'a, ku faɗi gaskiya, a duk ƙasar Hausa in aka ce wa mace an gyara hatsi me za ta ɗauka? An sheƙe, an bushe ƙaiƙayi, an tsince tsakuwa, saura tukunya. Shi malamin ya ɗauko kalmar daga makaranta ya ba ta wani aiki dabam, bai kuma tsaya ya ga a hannun wa ta faɗa ba.

Mainasara ya juyo kan Hajjo, don mutum in ya rikice yakan nemi na ƙasa da shi.

"Ke da kinka buɗe buhu ba ki ga komi ba?"

"Na ga hwarar ƙura bisa hatsin, da ɗan wari. Na aza toka ta. Wa ab bai zuba ma hatsi toka don ƙwari?"



Mainasara ya waiga wajen rumfa. Mutane sun fara cika tabarmi. Ya matso ya rage murya.

"Ku saurara. An surhe shi, ko ba haka ba? An wanke. An dahwa. Abin da ya rage ya bi dussa, ga shi nan ya kashe akuya. Hurar lahiya lau take."

"Ban iya rantsewa," in ji Malam Maniru.

"Ban ce ka rantse ba. Na ce ka yi shiru."

"Ranka shi daɗe..."

"Ka san mutum nawa ka jiran lambun ga shi yi tuntuɓe su yanka shi hilotai? Yau in anka ji Lambun Taro ya dama ma Hakimi guba, gobe da sahe za ka ga masu awo da igiya. Shekara goma muna ban ruwa da jigo, kalma guda ta rushe shi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Hajjo ta san gaskiya ce. Da fangalin albasarta ta rufa wa kanta asiri tun rasuwar mijinta, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Amma kunnenta ya daina ɗaukar maganarsa. Zuciyarta na can Shagari.

Shekaranjiya, da ta buɗe buhun nan ta ga gero tas-tas, ƙwaya manya, irin wanda rabon ta da gani tun kafin abubuwa su ƙuntata, sai ta tuna 'yarta Safinatu. Tana can gidan mijinta Haliru a Shagari, tana jegon haihuwa ta biyu, bayan na farko bai zo da rai ba. Mai jego kuwa ba ta da abinci kamar kunun kanwa. Hajjo ta waiga, ba kowa. Ta cika ƙwarya ta juye a zane ta ƙulle, ta ba wata mai tallan daddawa da ke zuwa kasuwar can. A ranta ta ce ladan wahalarta ne, wa zai ga giɓin ƙwarya ɗaya a buhu?

Ba ɗibar ce ta fi tsaya mata a wuya ba. Saƙon da ta haɗa da shi ne. Ta ji muryarta da kanta tana gaya wa mai daddawa, har da fara'a: ki ce musu gyararre na, kada su wahal da kansu, niƙa ɗai za su yi.

 Ta dafa shinge.

"Hajjo, lahiya?" in ji Tani.

 Hajjo ta dubi Malam Maniru.

"Ɗana, in tambaye ka."

"Ina ji, Inna."

"In ba a surhe ba hwa? In ba a wanke ba, anka niƙa shi hakanan anka yi kunu?"

Ya zuba mata ido.

"Inna, don mi kika tambaya?"

"Ka ba ni amsa."

"Wanda yas sha, in ba a kai shi asibiti da wuri ba... Inna, wa yas sha?"

 Mata sun baro murahu sun kewaye su. Ga Mainasara, ga surukan wasu, ga waɗanda suka daɗe suna jiran ranar da za a ce Hajjo ta yi abin kunya, ita da ke bin kowa da ido in ana rabon taki. Shekara goma ba a taɓa kama ta da ganyen albasar wani ba. Ta ji kunyar kamar an tuɓe mata zane a kasuwa, amma tsoro ya fi kunyar nauyi.

"Na ɗebi hatsin," in ji ta.

"Kin mi?" Mainasara ya tambaya.

"Na ɗiba. Ƙwarya guda. Na aika ma yarinyar ga ta Shagari, mai jego. Tun shekaranjiya."

Wata daga baya ta ce, "Uwar mata da kanta?"

Tani ta juya ta watsa mata harara.

"In kin ƙara magana sai na cusa miki dussar ga."

Hajjo ta durƙusa a gaban Mainasara, gwiwa biyu a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Shugaba, Allah shi ba ka nasara. Ka kira ni ɓarauniya gaban Hakimi, na yarda. Ka amshe hwangalina, na yarda. Ka ba ni motar Mijinyawa."

Duk garin ranar motar Mijinyawa kaɗai aka san tana da mai a ciki, wata tsohuwar a-kori-kura da aka yi kwanaki ana tara mata galan-galan saboda bikin. Ita za ta je ta ɗauko Hakimi da mutanensa. A tasha kuwa motoci na jere kamar gawarwaki, direbobi na barci a ƙarƙashinsu.

"Motar Hakimi?" Mainasara ya ce. "In ce mai mi? Shi zaka da ƙahwa?"

"Ɗiyata ta."

"Ki bari a kai shi nan tukun, sannan..."

"Sannan in ishe mi?"

 Hajjo ta ga ba zai ce e ba, ba kuma zai ce a'a ba, zai tsaya ne yana auna lambu da ran mutum har rana ta faɗi. Ta miƙe. Ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Ta nufi murahu, ta sunkuci masakin furar farko, wanda ta kwana biyu tana tanadi, ta kai bakin ramin da ake tara taki ta kife shi. Ta dawo ta ɗauki na biyu.

"Hajjo!" Mainasara ya daka mata tsawa.

Tani ta riga ta ɗauki na uku. Sauran mata suka dubi juna, sai ga su sun bi sahu, har da mai bakin nan ta baya. Kafin maza su gane abin da ke faruwa, furar bikin shekara goma tana cikin rami, Malam Maniru na tura mata ƙasa da shebur. Kalangu ya yi shiru. Mutanen rumfa duk sun miƙe tsaye.

Hajjo ta dawo gaban Mainasara tana haki.

"Yanzu babu abin ɓoyo. Babu abin da Hakimi za shi sha. Motar."

Ya daɗe yana kallon ramin. Leɓensa na motsi, wataƙila jawabinsa ne yake bankwana da shi. Sannan ya cire hular nan mai kari, ya goge zufa, sai ga shi ya koma tsohon da yake.

"Mijinyawa," ya kira, muryarsa a dushe. "Tada mota. Ka kai ta Shagari. Malam, bi su, kai kas san abin da za ka hwaɗa ma likita."

Har ta juya ya ƙara cewa, "Hajjo. Ni nic ce a buɗe buhun. In an tambaya, haka za ni ce."

Ba ta tsaya godiya ba.

* * *

Hanyar Shagari ba wata tafiya ba ce, mai keke ma yana zuwa ya dawo. Ranar kuwa Hajjo ta rantse an ƙara mata tsawo.

Tana gaba, a matse tsakanin Mijinyawa da ƙofa, Malam Maniru na baya yana riƙe da ƙarfe, babbar riga na kaɗawa. Motar na tari tana tafiya. Gonaki a share fes ta kowane gefe suna jiran ruwa, ba ko ɗigon kore.

"Taka ta, Mijinyawa."

"Inna, in nit taka ta wuce haka, sai mu kwashe ta cikin buhu."

"Taka ta dai."

Ta shiga lissafin da ba ya ƙarewa. Wataƙila mai daddawa ta manta ba ta kai ba. Ai tana da mantuwa, ta taɓa barin ɗanta a kasuwa. Wataƙila sun ajiye sai na gidan ya ƙare. Wataƙila Inna Talatu, uwar Haliru, ta ƙi jin saƙon ta wanke abinta, tunda mace ce mai tsabtar tsiya, ko ruwan randa sai ta tace. Hajjo ba ta taɓa son wannan hali nata ba, kullum tana ganin iyayi ne. Yau kuwa roƙon Allah take ya sa iyayin ya motsa.

Sai kuma wata zuciyar ta ce mata: saƙon surukarta ne, za ta ƙi bi ta ce ba ta yarda da gyaran Hajjo ba?

Ta leƙa ta taga ta ɗaga murya.

"Malam, yaron da ka shan nono hwa? Shina kai gare shi?"

Iska ta kwashe amsar. Ko kuma bai amsa ba. Ba ta sake tambaya ba.

A wata gangara suka ci karo da ayarin 'yan siyasa, motoci cike da matasa da tutoci sun tare hanya suna waƙa. Mijinyawa ya danna oda har ta shaƙe. Wani saurayi ya leƙo yana dariya yana ɗaga musu yatsa, yana jiran su amsa taken jam'iyyarsa. Da ya ga fuskar Hajjo sai dariyar ta tsaya, ya juya da kansa yana kora 'yan'uwansa gefe.

Ba ta san tana kuka ba sai da ta ji gishiri a bakinta.

* * *

Gidan Haliru na bayan masallacin unguwa. Tun motar ba ta gama tsayawa ba Hajjo ta diro, takalmi ɗaya ya zauna a mota. Maza suka tsaya a zaure. Ita ta faɗa ciki, sallamar ma a guje ta yi ta.

Tsakar gidan a share, shiru, lafiya lau. Ga tukunyar wankan jego a kan murhu, ganyen darbejiya na tafasa a ciki. Inna Talatu na zaune a inuwa da ludayi a hannu tana gyara wuta. Da ta ga baƙuwa fuskarta ta washe.

"Lale, lale. Yau mutanen Bodinga a gidanmu? Ashe ba yau na bikinku ba? Sannu da rana, sannu da hanya. Ƙaƙa gida? Ƙaƙa lambu?"

"Lahiya. Inna Talatu, hatsin..."

"Bari in kawo tabarma. Ƙaƙa su Tani?"

"Hatsin da nig aiko."

"Af, kin riga ni. Wallahi mun gani, mun gode, Allah shi bar zumunci. Hatsi awa lu'ulu'u. Na ce ma Haliru, ka gani, uwa dabam ta."

"Kun taɓa shi?"

"Taɓawa? Ai tun ranar."

"Kin wanke?"

Inna Talatu ta yi dariya, irin ta wadda ke son a san ta yi abin kirki.

"Kin san ni da wanke-wanke. Har na ɗauko ruwa, sai nic ce a'a, Hajjo ta ce gyararre na, in nis sa mai ruwa ta ji, sai ta ce na rena aikinta. Hakanan nib bada anka niƙo."

 Hajjo ta dafa bangon rumbu.

"Wa yas sha?"

"Wa za shi sha? Mai shi. Sahe da marece nika dama mata, da kanwa da yaji, mai kauri. Yara sun yi ta kwaɗai, ban ba kowa ko ludayi ba. Na ce wanga na mai jego na, uwarta ta aiko mata."

"Tana ina?"

"Tana ciki tana kwana."

"Da rana tsaka?"

"Jiya tac ce kanta na juyawa, yau da sahe ta yi amai, jiki na ɗan rawa. Na ce zahin ruwan wanka na, kowa da irin jegonshi. Nid dama mata wani, nil lallashe ta tas shanye, tak kwanta." Ta nuna ɗakin da ludayi. "Barci ya yi daɗi, tun hantsi ko motsi. Yaron ma ya sha nono ya bi ta, yau ko kukanshi ban ji ba. Na hana yara shiga don kada su tashe su."

Sai a lokacin ta lura da ƙafar Hajjo ɗaya ba takalmi. Ta lura da garin fura da ya bushe a hannunta, da idanunta.

"Hajjo, mi ya hwaru?"

Hajjo ta wuce ta. Tsakanin rumbu da ƙofar ɗakin ba nisa. Labulen a sake yake. Ta kai hannu, hannun ya ƙi ɗagawa. Ta kasa kunne ko za ta ji numfashi, ko tari, ko ɗan ƙunƙunin jariri. Ba ta ji komai ba sai tafasar tukunya a bayanta.

"Ke," ta ce a hankali. "Ke yarinya."

Shiru.

"Mai jego. Tashi, ni ta."

Shiru.

Safinatu 'yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakin Hajjo bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki, ko a gaban kowa. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kowace mace mai kunya take yi a ƙasar nan. Da "ke" ta raine ta, da "ke" ta kai ta ɗakin miji.

Ta damƙe labulen, ta buɗe baki, muryar ta fito da ƙarfin da ya kai har zaure.

"Safinatu!"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Inna Talatu. Ba sai an gaya mata komai ba, ta miƙe tana salati.

"Safinatu, ki amsa min."

Daga cikin ɗakin ba wanda ya amsa.